Rigar Tsohuwar 'Yar Fim

A shekarata ta tara ina zuwa Guangzhou ta ƙasar China sarin kaya na kama ɗaki a wani tsohon bene da ke bayan kasuwar Tianxiu, don na gaji da zaman otal. Dogayen rigunan mata nake ɗinkowa, abaya da makamantanta, in kai Kano. Benen ba lif, ɗakina a hawa na biyar, ga ni ba ƙaramar mace ba. Duk sanda na dawo daga kasuwa da jakar kaya sai na tsaya a hawa na huɗu ina haki, ina mita da wanda ya gina gidan. A nan na san wata mata. Ƙofarta kullum a buɗe take saboda zafi, tana zaune a kan kujerar roba tana kallon masu hawa da sauka.

Ranar da ta fara yi min magana da Turanci ta yi, Turanci tas wanda ya fi nawa na kasuwa. Ta ce, "Ke, miƙe bayanki. Kina tafiya kamar an aike ki neman allura a ƙasa." Na juyo a fusace, don ni ba a taɓa ni in yi shiru, sai na ga 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ta haura tamanin, gashi fari fat an taje shi tsaf, ga jan baki a leɓenta da rana tsaka. Na ce da Hausa, "Ji min tsohuwa da neman magana." Ta tambaye ni me na ce. Na ce gaishe ta na yi. Ta ce ƙarya nake, ai ta ga fuskata. Dariya ta ƙwace min, ita kuma ta turo min kujera da ƙafa na zauna. Tun daga ranar nake ce mata Mama. Ita kuwa lawban take ce min don tsokana, wato shugaba, yadda 'yan shago ke kiran duk wanda suka ga alamar zai sayi kaya.

Ɗakin na ɗan wanta ne. Yana zaune a wata unguwa da iyalinsa, yana leƙo ta ƙarshen mako da ledar lemo. Ba ta da miji, ba ta da ɗa. Da ta gane ba na cin abincinta saboda naman da suke ci, ba ta ji haushi ba. Ta sa aka sayo sabon kofi, ta ɗaura masa jan zare a hannu, ta ce wannan na lawban ne, kowa ya taɓa shi sai ta saɓa masa. Kusan kullum da la'asar nan nake yada zango in sha shayi mara sukari, ina ƙorafin ba sukari, tana cewa dubi jikinki.

Mun fi wata uku a haka kafin ta ɗauko wani gwangwanin biskit ta buɗe min. Hotuna ne a ciki, ba su kai ashirin ba. Na ɗauki na farko, sai na ga wata yarinya kyakkyawa ta gaban kwatance, ta jingina da mota, sanye da 'yar rigar wanka, cinyoyi duk a waje. Na kife hoton na ce, "A'uzubillahi. Mama, ina sauran rigar?" Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ni ce nan. Juyo shi ki kalla da kyau, ba za ki ƙara ganin irin wannan ƙafar ba."

A hankali ta ba ni labarin, yau kaɗan gobe kaɗan. A wani ƙauye kusa da Guangzhou aka haife ta. Tana da shekara goma sha shida ta bi wata gwaggonta Hong Kong, ta kama aikin sayar da tikiti a gidan sinima. Wani mai ɗaukar hoto ya gan ta a tagar tikitin, daga nan fuskarta ta hau kalanda. Ta yi tallan sabulu, ta yi na lemon kwalba, ta yi na taba alhali ba ta taɓa sha ba. Ta ce akwai shekarun da ba shagon aski ko na shayi da za ka shiga ba ka gan ta a bango ba. Daga baya ta shiga fim, amma kullum matsayi ɗaya ake ba ta: muguwar mace mai ƙwace mijin mutane. Ta ce an mare ta a fim ya fi a ƙirga, har ta ƙware wajen juya kai kafin tafin ya iso. Mata na tofa mata yawu a hanya, mazansu na ɓoye hotonta a aljihu.

Na tambaye ta iyayenta fa. Ta ce lokacin da ƙasar China ta shiga ruɗani, samun 'yar'uwa a waje mai irin waɗannan hotunan abin tsoro ne, sai yayyenta suka ƙone duk abin da ta taɓa aiko musu, suka ce ba su da wata ƙanwa. Uwarta ta rasu ba wanda ya gaya mata. Da shekaru suka ja, aka daina kiranta aiki, ta koma sayar da kayan kwalliya a kanti har ƙarfinta ya ƙare. Finafinan ma yawancinsu sun ɓace, an bar su a sito sun ruɓe. Da tsufa ta dawo garin, ɗan wan nata ya ba ta ɗakin. Ta ce shi yaron kirki ne, amma bai taɓa tambayarta abin da ke cikin gwangwanin ba, ita ma ba ta taɓa nuna masa ba.

Ni dai ban san yadda zan ɗauki labarin ba. A garinmu da na ji an ce ga tsohuwar da ta yi irin wannan sana'a, da na taɓe baki. Amma ga ta a gabana tana zuba min shayi, kuma ina son ta. Wallahi ina son ta.

Wata rana ta ce in janyo mata akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki, cikin farar takarda, akwai riga koriya ta siliki, doguwa, mai tsayayyen wuya irin nasu. Maɓallanta ba na roba ba ne, da yadin aka ƙuƙƙulla su da hannu, kowanne kamar ɗan fure. Shekara tara ina cikin kayan sawa ban taɓa riƙe abu mai kyan wannan ba. Ta ce sau ɗaya tak aka taɓa ba ta babban matsayi a fim, ta fito a mutuniyar kirki, ba wanda ya mare ta, kuma wannan rigar ta sa. Wani tsohon tela ne ya ɗinka mata da hannu, ya yi sati uku a kanta. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, yanzu ma babu shi. Rigar ce kawai ta rage.

Ta ce, "A cikinta za a sa ni in na mutu." Ashe su tsofaffinsu tun da rai suke tanadin kayan da za a sa musu. Na ce, "Haba Mama, mu farin ƙyalle ne kawai, sarki da talaka. Riga me za ta yi miki a can?" Ta ce, "Ke da farin ƙyallenki. Ni duk wanda ya san ni da wannan fuskar ya mutu. Ina so in tafi a matsayin matar da ta sa wannan rigar, ba wadda ake mari ba."

Amma idona na 'yar kasuwa ya riga ya maƙale a wuyan rigar. Lokacin azumi ya matso, kayan sallah muke haɗawa, kuma kowa a kasuwa wuya iri ɗaya yake yi wa abaya, har mata sun gaji da gani. Na kwana biyu ina juya abin a raina, na ga in aka ɗora wannan wuyan da maɓallan a kan baƙar abaya, ba mai kamo ni a bana. Na je na roƙe ta aron rigar in nuna wa mai yankan yadi na masana'anta. Na ɗauka za ta hana. Sai ta ji daɗi, har fuskarta ta yi haske, wai har yanzu akwai mai son kwaikwayon kayanta. Ta naɗe ta da kanta a farar takardar ta miƙo min. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kada ki bari su taɓa ta da hannu mai maiƙo."

Yadda muke aiki shi ne, in ka ga riga ta yi maka, ka saya ka kai wa masu masana'anta a matsayin samfur. Su kuma ba kallonta suke yi su kwaikwaya ba. Warware ta suke yi gaba ɗaya, su goge kowane ƙyalle ya miƙe, su shimfiɗa a kan kwali su zana, su rubuta lamba a jiki da baƙin alƙalami, su yanki gefe su kai wa masu yadi, su cire maɓalli su aika wa masu maɓalli. Abin da ya rage a share. Samfur ba ya dawowa, kuma ba wanda ke tambayarsa. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na kai samfur ya fi ɗari.

Niyyata in je da kaina, in riƙe rigar a hannuna, mai yanka ya duba ya auna, in dawo da abata. Ranar kuwa Juma'a ce, kaina ya yi zafi. Wakilin jigila yana ta kira wai za a rufe kwantena, ga wasu kaya sun iso da launin da ban ce ba, na tsaya ina ta faɗa a kasuwar Canaan, ga shi ina son in samu salla a Masallacin Huaisheng. Direban masana'antar da ke min ɗinki ya zo karɓar samfura, guda bakwai ne a babbar jaka. Da safe ni da hannuna na sa rigar Mama a saman jakar don kada ta yamutse. Na miƙa masa jakar ina waya, na ce wuya da maɓallin koriyar nake so a kan abaya mai lamba uku, na juya na ci gaba da masifata. Ban ce a dawo da ita ba. Ban ce kada a warware ba. Hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Sai ranar Litinin, ina hawa bene, na tsaya a hawa na huɗu, Mama ta ce, "Lawban, mai yankan ya yaba?" Sai a lokacin na tuna da rigar. Na ce mata ya yaba sosai, na ajiye jakata a ƙofarta na sauka da gudu, ni da ko sauri ba na iyawa.

Masana'antar tana bayan gari, tafiyar awa biyu. Duk hanya ina addu'a Allah ya sa ba su kai kanta ba. Sun kai. Matar da ke riƙe da wurin ta kai ni teburin yanka, ta janyo wani kwando. Bayan rigar na nan, da gabanta, da hannu ɗaya, duk an rubuta musu lamba ɓaro-ɓaro. An yanke murabba'i daga gindin. Wuyan an maƙala shi a kwali da ƙusoshi. Maɓallan an aika wani gari, ɗaya hannun kuwa ba wanda ya san inda yake. Na zazzage wa matar nan masifa, da Turanci da Hausa da ɗan abin da na iya na yarensu, har masu keken ɗinki suka tsayar da aiki suna kallona. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Ba ki faɗa ba." Gaskiyarta ce. Na zauna a kan dilar yadi na yi kuka kamar yarinya.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ci min rai har yau. Maimakon in kwashi ƙyallayen in je in durƙusa a gabanta, sai dabarar kasuwa ta zo min. Ai suna da zanen rigar a kwali. Na ce su nemo siliki mafi kyau mai irin launin, su ɗinka min sabuwa sak, su sa maɓallan da aka kwaikwayo. Na ce a raina idonta ya yi rauni, ba za ta gane ba. Kwana tara ina wuce ƙofarta da sauri ina cewa aiki ya yi yawa, mai yankan bai gama ba. Kofina na nan a kan tebur, ina hango shi.

Rigar ta fito da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na naɗe ta a farar takarda na kai mata, ina ta surutu don kada a yi shiru. Ta buɗe, ba ta ma ɗaga ta sama ba. Ta zura hannu ciki ta shafa ɗinkin gefe da yatsa, ta shafa kuma. Sannan ta ajiye hannun a cinyarta.

Ta ce, "Sau uku na warware ƙugun rigata da hannuna. Da na kai arba'in, da na kai hamsin da wani abu, sannan na sake tsuke shi da na fara ramewa. Duk ramukan allurar suna ciki. Wannan ba wanda ya taɓa sa ta."

Na ce, "Mama, ki yafe min." Na gaya mata komai, ban rage ba. Na so ta zage ni, ta jefe ni da kofin, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ɓatar da ita kuskure ne. Amma kin ɗauka ban san kayana ba." Sannan ta tambaya ko akwai abin da ya rage. Na ce akwai. Ta ce in kawo.

Na koma na kwaso ƙyallayen, na bi maɓallan da waya har aka dawo da huɗu cikin bakwai. Ta shimfiɗa su a kan gado ta jera kowanne a wurinsa. Na ce bari in kai wa ƙwararren tela. Ta ce ba wanda zai ƙara fita da su daga ɗakin nan, ita za ta haɗa abarta. Ba ta ganin kafar allura, don haka aikina ya zama zura zare. Kullum da la'asar in zo in zura mata allurai biyar in soke a jikin matashi, in zauna. Tana ɗinki kaɗan-kaɗan, wani lokaci tsawon yatsa ɗaya a wuni, ta bi tsofaffin ramukan da laluben hannu. Lambobin sun ƙi fita, mun gwada duk abin da muka sani. Ta ce a bar su, ta ciki za su koma. Ba ta daina zuba min shayi ba, amma ta daina ce min lawban, ta daina tsokanata. In na yi magana ta amsa, shi ke nan.

Mun haɗa baya da gaba, mun ɗora wuya, saura hannu da maɓallai, sai bizata ta ƙare. Dole in fita, ga kaya sun isa Kano ana jirana. Ranar da zan tafi na zura mata allurai duk da ke cikin fakitin, guda ashirin da wani abu, na jera su a matashin. Na ce, "Mama, wata biyu ne, kina nan zan dawo mu ƙarasa." Ta ce to. Na ce ta gaya wa ɗan wanta wace riga take so. Ta ce in ta gama za ta nuna masa, ba ta son ya gan ta a haka. Na kai bakin ƙofa ta ce, "Miƙe bayanki." Na miƙe, na sauka ina share hawaye.

Wata biyun ya zama huɗu, saboda takardu. Na kira wayarta sau da yawa, dama ba ta cika ɗauka ba, ban kawo komai a raina ba. Da na dawo na tarar da ƙofar hawa na huɗu a rufe, an yi mata sabon fenti. Maƙwabciya ta yi min alama da hannu, na gane. Na zauna a kan matakala na rasa abin da zan karanta mata, ita ba Musulma ba, sai na yi ta maimaita innalillahi don kaina.

Ranar Asabar ɗan wan nata ya zo kwashe sauran kaya. Mutum ne mai natsuwa, ya kusa sittin, yana da ɗan Turanci. Da ya gan ni ya gane ni, ya sunkuyar da kai ya gaishe ni. Ya ce cikin barci ta tafi, sati shida da suka wuce, ba ta sha wahala ba. Sannan ya ce yana ta son ya gan ni ya yi min godiya. Ya ce da suka buɗe akwatinta sun sami wata koriyar riga sabuwa fil a cikin farar takarda, maƙwabta suka ce ai baƙuwar nan ta sama ce ta kawo mata. Ita suka sa mata. Ya ce ta yi kyau ƙwarai, duk wanda ya zo sai da ya yaba.

Na tambaye shi ko sun ga wata a kan gado, ko a gefen matashi, mai hannu ɗaya. Ya yi ɗan tunani. Ya ce e, akwai wasu tsummoki da take ta ɗinke-ɗinke, duk rubutu a jiki, da allurai a soke. Matarsa ta ce rikicin tsufa ne, ta tattara ta zubar tun ranar farko don kada allura ta soki yara. Ya ga yadda fuskata ta yi, ya tambaya ko wani abu ne mai muhimmanci.

Ni da bakina ba ya mutuwa, ni da na tsayar da masana'anta guda da masifa, na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. In na gaya masa, na ɗora masa abin da ba shi ya jawo ba, kuma ba abin da zai gyaru. Na ce masa a'a, ba komai. Ya ƙara yi min godiya, da hannu biyu, ya ce Allah ya sa kowane tsoho ya sami maƙwabciya irina. Na amsa masa, na juya na hau hawa na biyar.